Sake Haɗe Ayalan: Ƙasa, Tuta da Ikkilisiya

Ayalan tsibiri ne da ke yamma da Birtaniya, mai gundumomi 32. Gundumomi 26 su ne Jamhuriyar Ayalan, ƙasa mai cin gashin kanta, babban birninta Dublin. Sauran 6 su ne Ayalan ta Arewa, tana ƙarƙashin Birtaniya, babban birninta Belfast. A shekarar 1921 aka raba tsibirin, yau kuma maganar sake haɗe shi ta taso da ƙarfi. Ya kamata mai hidima ya san wannan labari, domin ɓangarorin biyu duk Kirista ne, an kuwa zub da jini a tsakaninsu da sunan Katolika da Furotesta.

Tushen rabuwar

Daga shekarar 1609, Sarki James na Ɗaya ya kawo Furotesta daga Sikotilan da Ingila, ya ba su gonakin da aka ƙwace daga 'yan ƙasa Katolika a lardin Ulster, a arewacin tsibirin. Tun daga nan, majami'ar da mutum yake zuwa ta zama alamar asalinsa: ɗan masu gona na farko ne, ko ɗan waɗanda aka kawo. A 1690 Sarki William, Furotesta, ya ci Sarki James na Biyu, Katolika, da yaƙi a bakin kogin Boyne. Har yau ƙungiyar Orange tana jerin gwano da ganguna kowace ranar 12 ga Yuli don tunawa da wannan nasara. Abin da wani gida yake biki a kansa, maƙwabcinsa yana ganinsa tsokana.

A 1912, sa'ad da aka yi shirin ba Ayalan majalisarta, Furotesta kusan rabin miliyan suka sa hannu a kan alkawarin ƙin amincewa, da yawansu bayan sun fito daga sujada. Tsoronsu shi ne mulkin Dublin zai zama mulkin Roma. Aka shata iyaka yadda Furotesta za su yi rinjaye a Arewa. A can Katolika suka sha wariya wajen aiki, gidajen gwamnati da tsarin zaɓe. A Kudu kuwa, Furotesta da suke kusan kashi 10 cikin 100 a 1911 suka ragu zuwa ƙasa da kashi 5. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1998, rikici tsakanin mayaƙan IRA, mayaƙan da ke goyon bayan Birtaniya da jami'an tsaro ya ci rayuka fiye da 3,500.

Abin da aka shirya a 1998

Ranar 10 ga Afrilu 1998 aka ƙulla Yarjejeniyar Juma'a Mai Kyau. Kashi 71 na masu zaɓe a Arewa da kashi 94 a Kudu suka amince da ita. Abu uku ne ginshiƙanta. Na ɗaya, Arewa za ta zauna da Birtaniya har ranar da mafi yawan mutanenta suka zaɓi haɗewa, Kudu ma ta yarda. Na biyu, ministan Birtaniya mai kula da yankin tilas ya kira ƙuri'ar raba gardama idan ya ga alamar masu son haɗewa za su yi rinjaye, ba kuma za a maimaita ta ba sai bayan shekara 7. Na uku, mutumin Arewa yana da ikon ya ce shi ɗan Ayalan ne, ko ɗan Birtaniya, ko duka biyun. Yarjejeniyar ba ta yanke hukunci a kan wa ya fi gaskiya ba. Ta sauke bindiga, ta bar tambayar a hannun masu zaɓe.

Me ya sa maganar ta dawo?

Dalili na farko shi ne ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. A ƙuri'ar 2016, kusan kashi 56 na Arewa sun so a zauna, amma aka fita da su. Tarayyar Turai ta ce a 2017 in tsibirin ya haɗu, dukansa zai zama cikinta. Domin kada a maido da shingaye a iyakar ƙasa mai tsawon kusan kilomita 500, aka mai da binciken kaya zuwa tashoshin jiragen ruwa tsakanin Birtaniya da Arewa. Masu son zama da Birtaniya suka ji kamar ana sakin hannunsu a hankali.

Na biyu, ƙidayar 2021 ta nuna waɗanda suka tashi a gidan Katolika kashi 45.7, na gidan Furotesta kashi 43.5. Wannan ne karo na farko da Katolika suka fi yawa. Na uku, jam'iyyar Sinn Féin mai neman haɗewa ta zo ta farko a zaɓen majalisar yankin a 2022, Michelle O'Neill kuma ta zama shugabar gwamnati a Fabrairu 2024.

Sai dai kada mu ƙirga kawuna a majami'a mu ce mun ƙirga ƙuri'u. A ƙidayar nan, kashi 31.9 sun ce su 'yan Birtaniya ne kawai, 29.1 'yan Ayalan kawai, 19.8 kuwa 'yan Ayalan ta Arewa kawai. Akwai Katolika da suke tunanin asibiti, fansho da haraji kafin tuta. Tarihi ma bai tafi a kan layi ɗaya ba: Wolfe Tone, jagoran tawayen 1798 ga Birtaniya, Furotesta ne, haka ma Douglas Hyde, shugaban ƙasar Ayalan na farko a 1938.

Abin da ƙuri'a ba za ta warware ba

A ce an yi ƙuri'ar, haɗewa ta ci da ɗan rinjaye. Washegari dubban ɗaruruwan mutane za su farka a ƙasar da tutarta da takenta suke tuna musu da waɗanda suka kashe 'yan'uwansu. In kuwa ta faɗi, wasu dubban ɗaruruwa za su ci gaba da zama ƙarƙashin tutar da take tuna musu da nasu matattun. A Belfast har yanzu akwai katangun da ke raba unguwanni, waɗanda aka fara ginawa a 1969. Yaran da ke makarantun haɗaka ba su kai kashi 10 ba. Ƙuri'a tana iya ɗauke iyaka daga taswira a rana ɗaya, amma maƙwabtaka tana ɗaukar tsara.

Matsayin Ikkilisiya

Manyan ikkilisiyoyi huɗu, Katolika, Angilikan, Firesbiteriyan da Metodis, ba su rabu da rabuwar ƙasa ba. Kowace tana kula da tsibirin duka. Shugabannin Katolika da na Angilikan duk a garin Armagh suke zama, manyan majami'unsu biyu kuma suna ɗauke da sunan Patrick, wanda ya yi wa'azin bishara a tsibirin a ƙarni na 5.

Hidimarsu ta fito da fuska biyu. Ian Paisley ya kafa ikkilisiya a 1951, ya kafa jam'iyyar DUP a 1971, ya yi shekaru yana haɗa bagade da dandalin siyasa. Sai a 2007 ya yarda ya yi mulki tare da Martin McGuinness, tsohon kwamandan IRA. A ɗaya gefen, Ray Davey, faston Firesbiteriyan, ya kafa cibiyar sulhu ta Corrymeela a 1965. Fada Alec Reid ya buɗe hanyar ganawa tsakanin John Hume da Gerry Adams, sa'an nan a 2005 shi da Harold Good, faston Metodis, suka tsaya shaidu sa'ad da IRA ta lalata makamanta. An amince da su ne domin kowannensu ya yi shekaru yana ƙetare katanga ba tare da ya bar ikkilisiyarsa ba. A 1987 Gordon Wilson, ɗan ikkilisiyar Metodis, ya rasa 'yarsa a harin bam na Enniskillen, ya kuma bayyana a fili cewa ba ya riƙe makasan a zuciya.

Ƙaunar ƙasa ba zunubi ba ce. Mai bi na gaskiya yana iya zaɓen haɗewa, wani ya zaɓi zama da Birtaniya. Haɗarin yana zuwa ne sa'ad da sunan ɗarika ya zama sunan kabila, har mutumin da ya daina sujada tun da daɗewa yana ɗaukar makami da sunanta. Afisawa sura 2 tana koyar da cewa Almasihu ya sulhunta Yahudawa da Al'ummai ba tare da an tilasta wa ɗayansu ya zama ɗayan ba. Saboda haka aikin fasto kafin kowace ƙuri'a shi ne ya shirya jama'arsa su riƙe wanda aka kayar da mutunci, su kuma iya ɗaukar kaye ba tare da ramuwa ba.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ta yaya majami'a ta zama alamar asali a Ulster? Me ya sa hakan ya daɗe?
2. Me yarjejeniyar 1998 ta warware, me kuma ta bari?
3. Kwatanta hidimar Ian Paisley da ta Alec Reid da Harold Good. Me ya sa aka amince da na biyun?
4. Idan membobinka sun rabu biyu a kan zaɓe, me za ka faɗa a bagade, me kuma za ka bari?