Ruwan Da Ke Tsattsafowa Daga Tsohon Ramin Kwal

Idan kamfani ya gama haƙar kwal a wuri, ba a yarda ya kwashe kayansa ya bar rami a buɗe ba. Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta shekarar 2007 ta ce sai ya gyara wurin. Akan mayar da ƙasa da duwatsu a cike ramin, a baje, a shuka ciyawa da itatuwa. Bayan damina biyu ko uku wurin ya yi kore shar. Mai wucewa sai ya ce magana ta ƙare. To, a saman ƙasa ne ta ƙare. A ƙarƙashi ruwa yana nan yana aikinsa.

Ga yadda abin yake. Tare da kwal akan sami wani dutse mai ƙyalli kamar zinariya. Masana suna kiransa fairait. A cikinsa akwai ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne can cikin ƙasa, ba ya cutar da kowa. Amma da zarar an farfasa shi, iska da ruwa sun taɓa shi, sai ya haifar da ruwa mai tsami, ɗan'uwan ruwan batirin mota, sai dai bai kai shi ƙarfi ba. Ƙasar da aka cike rami da ita kuwa sako-sako take. Ruwan sama yana shigarta da sauƙi, ya ɗebi tsamin nan, ya narkar da ƙarfe, sa'an nan ya nemi hanyar gangare.

A Inugu an ga wannan da ido. A can aka fara gano kwal a ƙasar nan a 1909, aka soma haƙa a 1916. Da kwal ɗin Inugu jiragen ƙasa suka yi ta aiki shekara da shekaru. An daina haƙar tun farkon shekarun 2000, amma masu bincike sun tarar ruwa mai tsami yana fitowa daga tsohuwar mahaƙar Onyeama yana shiga kogin Ekulu, wanda ya ratsa garin. Mu ma a Arewa batun ya shafe mu, domin an buɗe mahaƙar kwal a Maiganga, cikin ƙaramar hukumar Akko ta Jihar Gombe.

To, ruwa nawa ne yake fitowa? Idan ba a san yawansa ba, ba za a san irin ɓarnar da zai yi ba.

Wanda ya fito fili ta idon ruwa, auna shi ba wuya. Jarka da agogo sun isa. A tattara ruwan ya bi ta bututu ɗaya, a tara jarka mai cin lita 20, a duba agogo. A ce ta cika cikin sakan 10. Ke nan lita 2 ke fita kowane sakan. A minti ɗaya lita 120. A awa ɗaya lita 7,200. A kwana ɗaya cur, dare da rana, lita 172,800. Idan da za a zuba shi a duro mai cin lita 200, sai an cika duro 864. Ɗan idon ruwan da yaro zai tsallake da ƙafa ɗaya ke nan. Amma awo ɗaya ba ya wadatarwa. Sai an auna da damina, an auna da kaka, an kuma auna da bazara.

Wani ruwan ba ya fitowa fili. Ta ƙarƙashin gaɓa yake sulalewa cikin rafi. Wannan sai a auna rafin a wuri biyu, sama da ramin da kuma ƙasa da shi. Idan na ƙasa ya fi yawa, alhali babu wata ƙorama da ta shigo tsakani, kuma ba a yi ruwan sama ba, to ƙarin daga cikin ƙasa ya fito.

Mai wuyar shi ne wanda ke tafiya a ɓoye wajen rijiyoyin mutane. Ma'aikata sukan haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji, aƙalla uku, kewaye da ramin. Sai su duba inda ruwa ya tsaya a kowace. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ma gangare yake bi, daga inda ya fi tudu zuwa inda ya fi kwari. Da haka za su san inda ya dosa. Lissafin yawansa kuma wani injiniya Bafaranshe ne mai suna Henry Darcy ya fito da shi a 1856, bayan ya yi ta tura ruwa ta cikin bututu cike da yashi. Ya gano abu uku ne ke hukunta shi: yadda ƙasar ke barin ruwa ya wuce, tsananin gangaren, da faɗin hanyar. Tsakuwa da yashi suna sakin ruwa. Yumɓu yana riƙe shi.

A nan ne mutane suke ruɗuwa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya gudu kamar na kogi. Rarrafe yake yi. A ce yana cin mita ɗaya a kwana, rijiyarka kuma tana nesa da ramin da mita 500. Sai ya yi fiye da shekara ɗaya da wata huɗu kafin ya iso. Don haka idan an gwada rijiya bana an ce lafiya lau, ba hujja ba ce a daina gwaji baɗi. Kuma lissafin nan kintace ne. Tsagewar dutse guda ɗaya tana iya kai ruwa inda takarda ba ta nuna ba.

Mutanen gangare fa? Cokalin gishiri a moɗa ba ya shawuwa, amma a randa da ƙyar za a ji shi. Haka rafi yake. Da damina ruwa ya yi yawa, tsamin ya tsarma. Da rani rafi ya ja baya, ramin kuwa bai daina tsattsafo ba, sai tsamin ya yi ƙarfi. Abin takaici, lokacin ne mai lambu ke ban ruwa, lokacin ne makiyayi ke kawo shanu mashaya.

Akwai alamun da ido ke gani. Duwatsun rafi su yi ja kamar tsatsa. Kifi da kwaɗi su ragu. Ruwan ya riƙa ɗanɗanon ƙarfe, farin tufafi ya yi jirwaye bayan wanki. Sai dai wani ruwan garau yake kamar na famfo, amma da tsami. Ma'aikatan ruwa suna da ma'aunin tsami mai lamba daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Ruwan sha ana so ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Na tsohon ramin kwal yana iya sauka zuwa 3, inda yawancin kifi ba sa rayuwa.

Tafasa irin wannan ruwa ba ya raba shi da ƙarfen da ya narke a ciki. Ƙwayoyin cuta kaɗai wuta ke kashewa. Maganin da aka saba shi ne a bi da ruwan ta cikin dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi, domin yana kashe tsami. Daga nan a tara shi a kududdufi, tsatsar ta kwanta, kafin a sake shi cikin rafi.

Ƙauyen da ke kusa da mahaƙa, gara su ajiye littafi tun yau. Kowane wata a zura igiya a rijiya, a rubuta gaba nawa ne zuwa ruwa, a rubuta launinsa da ɗanɗanonsa da kwanan wata. Dagaci ya nemi ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma su ɗebi ruwan a kwalba a kai gwaji, a kuma karɓi sakamakon a rubuce.