Yadda Kifi Iri Uku Ya Zama Iri Goma

A cikin shekarar 2011 ne waɗansu masana kifaye na Cibiyar Smithsonian da ke birnin Washinton na ƙasar Amurka suka ba da sanarwar cewa waɗansu 'yan ƙananan kifaye na Tekun Karibiyan, waɗanda aka daɗe ana lissafa su iri uku, ashe iri goma ne. Kifayen nan kuwa ba ɓoyayyu ba ne. A ruwa marar zurfi suke zaune, tsakanin duwatsu da murjani, an kuma daɗe ana kama su, har ga su nan cikin kwalabe a ɗakunan ajiya da takardar suna a jikin kowace kwalba. Ido ne kawai ya yi ta ruɗin masana shekara da shekaru.

Sunan zuriyar kifayen Starksia, kuma babbansu da ƙyar yake kai inci 2. Suna cikin babban dangin da Turawa ke kira bileni, wanda ya ƙunshi iri kusan 900 a tekunan duniya, an kasa su gida shida. Mutumin da ya tashi a bakin Kogin Kwara ko Tafkin Chadi ba zai san su ba, domin yawancinsu 'yan ruwan gishiri ne. Amma duk wanda ya taɓa riƙe tarwaɗa da hannu ya san wani abu daga halinsu. Gidan da ya fi yawa a cikinsu, mai iri wajen 400, ba su da ɓawo a jiki irin na karfasa, sai fata mai santsi da yauƙi. Daga nan ma sunan ya samo asali, watau daga kalmar Girkanci mai nufin yauƙi, wadda shehun malamin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya shigar cikin littafinsa na 1758.

Bileni kifi ne mai ɗan dogon jiki da dunƙulallen kai, idanunsa a can sama. A yawancinsu, fiffike ɗaya ne dogo ya bi gadon bayansa tun daga ƙeya har kusa da wutsiya. A ƙarƙashin maƙogwaro yana da waɗansu siraran fukafukai biyu da yakan dogara a kansu bisa dutse, ya ɗaga kai kamar ƙadangare a kan katanga. Da yawansu suna da 'yar geza ta fata a bisa ido, ko a hanci, ko a ƙeya. Haƙoran da yawansu kuwa jere suke reras kamar na matajin kai, da su suke kankare gansakuka daga jikin dutse.

Matakin farko ga mai son tantance su shi ne ya raba su da wani dangi da ake kira gobi, domin tare suke zama, girmansu kuma ɗaya. Gobi yawanci fiffike biyu gare shi a baya, yana da ɓawo, fukafukansa na ciki kuma sukan haɗe su zama kamar ɗan faifai da yake manne wa dutse da shi. Kifin nan mai tsalle a kan taɓo da ake gani a fadamun gishiri na yankin Neja Delta, alal misali, gobi ne, ko da yake akwai bileni ma masu fita tudu, kamar wani na tsibirin Guwam da ke Tekun Pasifik wanda kusan duk rayuwarsa a kan duwatsun da igiyar ruwa ke fesawa yake yin ta.

Wannan mai sauƙi ke nan. Wahalar tana wajen raba ɗan'uwa da ɗan'uwa. Masani zai ɗora kifin da bai kai ɗan yatsa ba a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ɗauki allura ya shiga ƙidaya: ƙayoyi nawa ne masu tauri a fiffiken baya, nawa ne masu taushi, haƙora nawa a sama, nawa a ƙasa, ko akwai fiƙa a kusurwar baki. Zai duba gezar ido, ko silili ɗaya ce ko mai rassa. Zai ƙirga 'yan hujojin da ke kewaye da ido, ya kuma ɗauki hoton ƙashi don ya san yawan gaɓoɓin ƙashin baya. Ba a kan kifi ɗaya zai tsaya ba, sai ya yi wa gommai haka, domin 'ya'yan uwa ɗaya ma sukan bambanta da ƙaya ɗaya ko biyu. Aiki ne na mai haƙuri ƙwarai, irin wanda marigayi Victor Springer na Smithsonian ya shafe fiye da shekara 50 yana yi a kan wannan dangi.

Kifayen su ma ba su sauƙaƙa wa kowa ba. A waɗansu irin, namiji yana da zanko a ka, mace ba ta da shi, launinsu kuma dabam. Ɗan kifi kan tashi da siffar da ba ta yi kama da ta iyayensa ba. A zuriyar Ophioblennius, ƙananan suna da manyan fiƙoƙi masu lanƙwasa waɗanda ke ɓacewa in sun girma, har masanan farko suka raɗa wa yaro suna dabam, babba suna dabam. Akwai kuma masu sojan gona. A Tekun Indiya da Pasifik akwai wani ƙaramin kifi da ke yi wa manyan kifaye aikin wanzanci, yana tsince musu ƙwari daga jiki, su kuwa ba su taɓa shi. Sai wani bileni mai suna Aspidontus taeniatus ya ɗauki launin wanzamin da irin rausayarsa, in babban kifi ya saki jiki ya matso, sai ya gatsa masa fiffike ya gudu. Wanda ya iya ruɗin kifi ɗan'uwansa a cikin ruwa, ina ga mutum da ke leƙe daga tudu?

Babbar matsala kuwa ita ce launi. Ƙa'idar wannan ilmi ita ce, duk wanda zai ba wani iri sabon suna, tilas ya buga cikakken bayaninsa, ya ba shi suna na Latin mai kashi biyu, ya kuma ajiye kifi ɗaya takamaimai a gidan ajiya ya zama shaida, wanda duk mai gardama zai iya zuwa ya duba. A cikin ruwan sifirit ake ajiye shi don kada ya ruɓe. To, sifirit yana cinye ja da ruwan ɗorawa da ruwan lemo cikin ɗan lokaci, ya bar kifi fari fat ko ruwan ƙasa. Masanan ƙarni na 19, irin su Cuvier da Valenciennes na Faransa, waɗanda suka wallafa littafin kifaye mai juzu'i 22 tsakanin 1828 da 1849, galibi irin waɗannan koɗaɗɗun gawarwaki matafiya ke kawo musu daga nesa.

A nan ne labarin Starksia ya ɗauko asali. Dokta Carole Baldwin da abokan aikinta sun fita ne da niyyar gano ko wane ɗan tsakon kifi na wane babban kifi ne, ta hanyar gwada sinadarin gado da ke cikin tsoka, wanda ake kira DNA. Dabarar, wadda Paul Hebert na ƙasar Kanada ya gabatar a 2003, ita ce a karanta wani ɗan yanki ɗaya na sinadarin, mai harufa wajen 650, a kwatanta na wannan kifi da na wancan. Kafin su yanki tsoka kuma sukan ɗauki hoton kowane kifi da launinsa na rai. Da sakamako ya fito sai suka ga kifayen da ke amsa suna ɗaya sun rarrabu gida-gida. Suka koma kan hotuna, sai ga bambanci a fili: wannan ɗige-ɗige gare shi a leɓe, wancan zane a kumatu, wani kuma tabo a gindin fiffike. Suka raɗa sababbin sunaye bakwai, ɗaya daga ciki, Starksia springeri, don girmama Springer. Inda sinadarin ya nuna rabuwa amma ido bai ga komai ba, sai suka bar kifayen da sunansu guda, wanda kuwa shi ne dattako, domin suna ba abin gaggawa ba ne.

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne amfanin wannan wahala a kan kifin da ko miya ba ya yi? Amsar tana cikin taswira. Da ana zaton kowane ɗaya daga cikin ukun nan ya bazu ko'ina a Karibiyan, saboda haka ko ya ƙare a wani tsibiri, akwai shi a wani. Yanzu an gane cewa da yawa daga cikin goman kowanne da ɗan yankinsa, wani wajen Beliz, wani wajen Tobago, wani wajen Kurasawo. Malalar man fetur ko mutuwar murjani a wuri ɗaya tana iya shafe iri sukutum, hukuma kuwa ba ta iya kare abin da ba shi da suna a takarda. Bugu da ƙari, wani bincike da Simon Brandl da abokansa suka buga a mujallar Science a 2019 ya nuna cewa irin waɗannan ƙananan kifaye masu laɓewa a ƙasan ruwa, watau bileni da gobi da makamantansu, su ne kusan kashi 60 cikin 100 na naman kifin da ake cinyewa a yankunan murjani. Saurin hayayyafa da saurin mutuwarsu shi ke ciyar da manyan kifayen da masunta ke nema.

Gaɓar Afirka ta Yamma ma tana da nata. Akwai Entomacrodus cadenati, wanda Springer ya bayyana a 1967, mai zama a duwatsun da igiya ke duka. Akwai Hypleurochilus langi, mai jure ruwan da gishirinsa ya ragu a bakin koguna, tun daga Sanagal har Kwango. A 1970 kuma Springer da William Smith-Vaniz suka bayyana wani da aka kamo a Mashigin Tekun Gini, a zurfin da ya wuce mita 100, abin mamaki ga dangin da aka sani da zaman bakin gaɓa. Bajamushen masani Hans Bath ya sake duba shi a 1977, ya ga ya sha bamban da sauran, ya ware masa zuriya tasa shi kaɗai mai suna Bathyblennius.

Zurfin ruwa kuwa har yanzu yana fito da baƙi. A 2013 Dokta Baldwin da Ross Robertson suka bayyana wani sabon iri, Haptoclinus dropi, wanda suka kamo da ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa a gaɓar Kurasawo, a zurfin mita wajen 160. Tsawonsa santimita 2 ne, kuma da kifi ɗaya tak suka yi bayanin.