3.4 Saɓanin Rubutu da Harshen Damo a Kalmomin da Suka Shafi Daudanci

A wannan sashe za a dubi yadda ake rubuta wasu kalmomi da suka danganci jinsi, da kuma yadda ma'anarsu take sauyawa daga bakin wannan rukuni zuwa wancan. An tattara misalan ne daga maganganun yau da kullum a Soron Ɗinki da unguwannin da suke maƙwabtaka da ita a cikin birnin Kano, sannan aka gwada su da abin da manazarta suka rubuta.

3.4.1 Saɓanin rubutu

Kalmar luwaɗi aro ce daga Larabci, kuma tana da alaƙa da sunan Annabi Luɗu, wanda aka aiko ga mutanen da suka shahara da wannan aiki. Harafin Larabci da yake cikinta yakan koma ɗ a Hausa, kamar a ɗalibi da ɗahara da ɗawafi. Saboda haka luwaɗi da liwaɗi duk suna da hujja, na biyun ya fi kusa da Larabci, na farkon kuwa ya fi yawa a bakin Kanawa. Akwai kuma masu cewa luɗu ko ɗan luɗu, lafazin da wasu malamai suke ƙyama don ya yi daidai da sunan Annabi. Amma luwadi da madigo, maimakon luwaɗi da maɗigo, kuskure ne da keken rubutu ya haifar, wayar hannu kuma ta ƙara yaɗa shi. Bambancin 'yan daudu da ƴan daudu na ƙa'ida ne kawai: Nijeriya ta fi amfani da 'y, Nijar kuma da ƴ.

3.4.2 Harshen damo

Nan ne aikin ya fi wuya. Daudu a asali laƙabi ne na girmamawa da ake yi wa Galadima, kuma masana bori irin su Besmer (1983) sun yi bayanin iskan nan Ɗan Galadima, wanda wasu suke danganta sunan 'yan daudu da shi. A yau kuwa ɗan daudu shi ne namijin da yake kwaikwayon mata a magana da tafiya da sana'a, musamman sayar da abinci a tasha da kasuwa. Mutane da yawa suna ɗaukar ɗan daudu da ɗan luwaɗi abu guda ne. Mai wannan bincike yana ganin wannan kuskure ne ta fuskar ma'ana, domin kalma ta farko tana bayyana ɗabi'a da sana'a, ta biyu kuma tana bayyana aiki. Kleis da Abdullahi (1983) da Gaudio (2009) duk sun nuna akwai 'yan daudu masu aure da 'ya'ya.

Haka nan neman maza. Idan aka faɗa a kan mace, ana nufin bin maza barkatai. Idan a kan namiji ne, ana nufin luwaɗi. Jinsin wanda ake magana a kansa shi yake yanke ma'ana.

3.4.3 Sara

Gaudio, wanda ya fara bincikensa a Kano cikin shekarun 1990, ya kawo abin da masu shi suke kira yaren harka. Hikimarsa ita ce ba a ƙirƙiri sabuwar kalma ba, an ɗauki ta kowa da kowa ne aka ɗora mata wani kaya. Harka a bakin ɗan kasuwar Kurmi ciniki ce, a wurinsu kuwa mai harka shi ne namijin da yake neman ɗan'uwansa namiji. Mai ido shi ne wanda ya san wannan sirri, makaho kuma wanda bai sani ba. Kifi na nufin maɗigo, kuma da alama daga aikatau kifa ya samo asali, ba daga na ruwa ba. Da yake rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, mai karatu ba zai iya rarrabe su ba sai da jimla. Ga kuma ƙawa da uwa da 'ya da suke kiran juna da su, tare da lamirin ke da ita, waɗanda sukan mayar kai da shi da zarar baƙon ido ya zo. Wannan ya bambanta da zaurance, inda ake jirkita gaɓoɓin kalma har kunne ya gane ana ɓoye wani abu.

Dalilin ɓoyon a fili yake. Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, aka kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, sannan a Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14. Shi kansa auren jinsi fassara ce ta 'yan jarida, ba sara ba. A unguwa irin Soron Ɗinki, inda kusan kowa ya san gidan su kowa, jifan mutum da ɗaya daga kalmomin nan kan iya ɓata masa neman aure ko ta kai shi gaban hukuma. Wannan ne ya sa ba a ambaci sunan kowa daga cikin waɗanda aka zanta da su ba.