Kuɗin Lasin Talabijin a Birtaniya: Ko Har Yanzu Yana da Hujja?

Maƙasudin wannan takarda shi ne duba hujjar kuɗin lasin da doka ta ɗora wa gidajen da ke kallon talabijin a Birtaniya. An fara karɓarsa a 1946 a kan fam 2, a 2025 kuwa ya kai fam 174.50 a shekara. Da shi ake riƙe BBC, domin kada ta dogara ga masu talla, ko ta zama 'yar amshin shatan gwamnati mai ci.

Masu suka suna da abin faɗa. Attajiri da talaka kuɗi ɗaya suke biya, wanda ya kalla bai biya ba a gurfanar da shi gaban kotu, alhali matasa da yawa sun koma Netflix da YouTube.

A ganinmu, wannan suka ta shafi yadda ake karɓar kuɗin ne, ba dalilin karɓarsa ba. Alal misali, da Faransa ta soke nata lasin a 2022, sai ta koma ɗibar kuɗin daga harajin saye da sayarwa, watau abincin gidajen talabijin ɗinta ya koma hannun majalisa. Batun kuwa ya shafe mu, domin tun daga 2014 da wannan lasin ne BBC take ɗaukar akasarin nauyin sassanta na ƙetare, har da Sashen Hausa da aka buɗe a 1957.