'Yar Ruga da Ƙofar Aji: Haƙƙin da Ke Jiran Cikawa a Ƙasar Katagum

Da hantsi, lokacin da yaran Azare suka riga suka zauna a aji, 'yan matan rugage ke shigowa gari da ƙoren nono da fura a kai. Da yawansu shekarunsu na firamare ne. Kuɗin cinikin nan shi ne cefanen gida, shi ne kuma asusun kayan ɗaki, don haka uwa ba ta sakin 'yarta zuwa makaranta cikin sauƙi.

A takarda, yarinyar nan ba ta rasa gata ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, ta ambaci 'ya'yan makiyaya, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin tallafa wa jihohi. Sai dai jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. Tun 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa mai hedikwata a Kaduna, a 2017 kuma Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa ilimi kyauta a matakin farko haƙƙi ne da za a iya nema a gaban alƙali.

Gizo yana saƙa ne wajen aiwatarwa. Hukumar Kaduna tana tsara manhaja da horar da malamai, amma ɗaukar malami da biyansa suna wuyan jiha da ƙaramar hukuma. Makarantar ruga takan tsaya a aji 6, ƙaramar sakandare kuwa tana gari. Da damina, idan kogin Jama'are ya yi ambaliya, hanya ta yanke. Uba zai iya tura ɗansa ya zauna wurin dangi a Azare, amma da wuya ya yi wa 'ya mace haka, sai maganar aure ta taso.

Akwai kuma batun harshe. Yarinyar da ta tashi da Fulatanci tana tarar da malami yana bayani da Hausa, littafi kuma da Turanci. A 2022, zamanin ministan ilimi Malam Adamu Adamu, wanda ɗan Azare ne, gwamnati ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa. A Nuwamban 2025 aka soke manufar.

Wasu ƙasashen ma sun sha wannan gwagwarmaya. A arewa maso gabashin Girka, yarjejeniyar Lausanne ta 1923 ta ba Musulmi 'yan tsiraru, waɗanda akasarinsu ke jin Turkanci, makarantu masu koyarwa da harsuna biyu. Duk da haka sakandarensu biyu ne kacal, ban da madarasu, kuma shekaru da dama 'yan matan ƙauyukan tsaunuka suna tsayawa a firamare. Lamarin ya soma sauyawa bayan an keɓe musu kashi 0.5 cikin 100 na guraben jami'a a tsakiyar shekarun 1990, iyaye suka ga inda karatu zai kai 'ya'yansu.

Katagum tana da abin farawa. Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh tana Azare, Jami'ar Sa'adu Zungur tana Gadau, kuma tun 2023 Bauchi ta shiga shirin AGILE na Bankin Duniya mai tallafa wa karatun 'yan mata a sakandare. Waɗannan cibiyoyi za su iya yaye malamai mata masu jin Fulatanci, a tura su rugagen da suka fito, a tsara darasi bayan an dawo daga tallar nono. Masarautar da Malam Zaki ya kafa da tutar Shehu Usman Ɗanfodiyo ba baƙuwa ba ce ga wannan tsari, domin haka Nana Asma'u ta riƙa aika jajis ƙauyuka su karantar da mata a inda suke.

Ga ma'aikacin da fayil ɗin kasafin ilimi ke bi ta teburinsa a Abuja, adadin da ya kamata ya nema daga Bauchi shi ne na 'yan matan ruga da suka gama aji 6 suka shiga ƙaramar sakandare, kuma suka kammala ta.