Idan Mariƙin Batir Ya Ƙi Rabuwa da Kyamara: Dabara Ta Fi Ƙarfi

Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birninta, sana'ar ɗaukar hoto take ta bunƙasa a garin. Zuwan ma'aikatu da buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 sun ƙara wa masu hoto kasuwa, ga kuma bukukuwan aure da suna da hawan Sallah a fadar Sarki da ke Garu. Mai hoton da ya fito daga Yalwawa da sassafe yakan wuni yana aiki, ba tare da ya sami inda zai yi cajin batir ba. Wannan ne ya sa da yawa suke ɗaura wa kyamara wani ƙarin sashe a gindinta, wato mariƙin batir, wanda ke ɗaukar batir biyu, ko kuwa ƙananan batura shida ko takwas irin na rediyo.

Amfanin mariƙin a fili yake, amma yana da wata illa. Wani lokaci yakan lalace, sa'an nan ya ƙi fita. A kyamarori da dama sai an cire murfin ɗakin batir an zura wuyan mariƙin a ciki, saboda haka idan ya mutu a maƙale, kyamarar ma ta tsaya, domin babu wata hanyar ba ta wuta. Ke nan abu mai araha ya tsare jarin mutum gaba ɗaya.

Yadda aka ɗaure su

Noti guda ɗaya tak ke riƙe da mariƙin. Yana shiga ramin da ke gindin kyamara, wanda asali an yi shi ne don ɗora ta a kan ƙafa uku. Kaurin notin rubu'in inci ne, wato milimita 6.35, kuma akwai zagayen tiredi 20 a kowane inci. Wannan awo ɗaya ne a kyamarorin Canon da Nikon da Sony da sauransu. Tarihinsa yana komawa ga Joseph Whitworth na Ingila, wanda ya fito da tsarin daidaita tiredi a 1841, da kuma yarjejeniyar da Amurka da Ingila da Kanada suka ƙulla a 1949 ta haɗe awon notinansu.

Noti dai ba wani abu ba ne illa gangare da aka naɗe a jikin sanda. Kowane juyi ɗaya yana tura shi gaba da milimita 1.27 kacal. Alal misali, idan faɗin faifan da ake murzawa da yatsa santimita 3 ne, yatsa zai yi tafiyar kusan milimita 94 kafin notin ya matsa wannan ɗan taƙi. A lissafi, ƙarfin yatsa ya ninku fiye da sau 70, ko da yake gogayya tana cinye kaso mai yawa. Shi ya sa ɗaurin da mutum ke ganin bai kai ya kawo ba yake zama matsi mai tsanani a cikin ramin.

Bugu da ƙari, a wasu mariƙan faifan ba a jikin notin yake kai tsaye ba. Akwai ƙananan giya a tsakaninsu, kuma sau da yawa na roba ne ko na ƙarfe mai laushi. Nan ne raunin yake. Idan tiredi ya cije aka ci gaba da murzawa, haƙoran giyar ne ke fara kakkaryewa.

Abin da ke sa tiredi ya cije

Yanayin tsakiyar Jigawa yana da hannu a wannan matsala. Na farko akwai ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, kuma da yawansu na sinadarin silika ne, dangin yashi. Idan suka shiga tsakanin tiredi suka gauraya da maiƙo, sai su toshe ɗan sararin da noti ke buƙata ya juya, suna kuma kankare ƙarfen.

Na biyu shi ne zafin bazara, wanda a watan Afrilu yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Kowane ƙarfe yana buɗewa idan ya ji zafi, amma ba daidai suke buɗewa ba. Magnesiyam, wanda ake ƙera gangar jikin manyan kyamarori da shi, yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, roba kuwa ta fi su duka. Ɗaurin da aka yi da sanyin safiya yana iya ƙara tsauri bayan kyamara ta sha rana ko ta wuni a cikin mota.

Na uku shi ne gumi da danshin damina. Duk inda ƙarafa iri biyu suka haɗu, ga kuma ruwan gishiri a tsakani, an sami ɗan ƙaramin batir, irin wanda Alessandro Volta na Italiya ya bayyana a 1800. Ɗaya daga cikin ƙarafan yakan rinƙa cinyewa, kuma tsatsar da ke fitowa ta fi ƙarfen asali cin wuri, sai ta cika ramin. Haka nan ƙananan baturan alkalin da aka manta a cikin mariƙi sukan yi yoyon wani ruwa mai ci, fotasiyam haidiroksaid, wanda ke bushewa ya bar farin gari kamar kanwa.

Na huɗu aikin hannu ne: shigar da noti a karkace, ko musanya shi da noti mai milimita 6 da ake samu wajen masu sayar da kayan gyara. A ido kamar ɗaya suke, amma tazarar tiredin wancan milimita 1 ce. Yakan shiga juyi ɗaya ko biyu, daga nan ya cije.

Matakan kwancewa

Kafin komai, a kashe kyamara, a cire katin hotuna, a zare tiren batura daga mariƙin, a cire gilashin gaba a rufe bakin da murfinsa. Sa'an nan a murza faifan a hankali a lura, domin yadda ya amsa shi ke nuna inda ciwon yake.

Idan faifan ya ƙi motsi sam, giyar tana nan lafiya, tiredin ne ya cije. Sai a ajiye kyamara a inuwa ta huce, a hure ƙurar da ke kewaye da faifan, a matse mariƙin da jikin kyamara da hannu ɗaya don rage wa tiredi nauyi, a riƙa murzawa gaba da baya kaɗan-kaɗan, ana bin kibiyar da aka zana. Kada a fesa man kwance tsatsa, domin yana bin kowace kafa har ya isa ga sassan lantarki. Farin garin batir kuwa, ɗan ruwan kal ko na lemun tsami a bakin auduga yana narkar da shi, amma a kiyaye ido da fata, a kuma bari wurin ya bushe sarai.

Idan faifan yana juyawa fayau, ko yana ƙas-ƙas ba tare da mariƙin ya saki ba, giyar ta riga ta karye, kuma ƙarin murzawa ba zai haifar da komai ba. Hanyar da ta rage ita ce a buɗe mariƙin kansa. A ɓare robar da ke gindinsa, a kwance ƙananan notinan da ke ɓoye, a ɗaga murfin a hankali saboda siraran wayoyi, har a kai ga kan babban notin, a kama shi da siririyar filaya a juya. A nan akwai abin lura: notinan kayan Japan suna bin awon da ake kira JIS, kuma sukudireba mai bakin gicciye da aka saba da ita takan zame ta cinye kansu. In babu hanyar buɗewa, gara a yanka jikin mariƙin da a taɓa kyamara, muddin babu batir a ciki, domin batirin lithiyam da aka huda yana iya kamawa da wuta.

Idan kuwa aka ga ramin da ke jikin kyamarar ne yake juyawa tare da notin, to a tsaya nan. Wannan aikin ƙwararren mai gyara ne, ko da zai kai ga tafiya Kano. Kyamara mai fitilar walƙiya tana da ma'ajiyar lantarki da ke riƙe kimanin bolt 300 ko bayan an cire batir.

Abubuwa biyu ne suka fi jawo hasara. Ɗaya shi ne zura sukudireba a tsakani a ɓanɓare, wanda ke fizge ramin daga gindin kyamara. Ɗayan shi ne murɗa mariƙin dungurungum, alhali wuyansa yana cikin ɗakin batir. Duk biyun gyaran gangar Auzinawa ne, garin neman gira a rasa ido.

Rigakafi

A ɗaure mariƙi da yatsa kawai, a tsaya da zarar ya daina girgiza. A riƙa kwance shi lokaci-lokaci, musamman bayan hunturu da tsakiyar damina, a goge notin da ramin da busasshen ƙyalle. A cire batura idan za a ajiye kayan aiki na tsawon lokaci. Wanda zai sayi kyamara ta hannu kuwa, ya sa a kwance masa mariƙin a gabansa kafin ya biya kuɗi.