Inshorar Mota: Abin Da Takardar Ta Ɗauka Da Abin Da Ta Bari

Kowace shekara idan kaka ta yi, manyan motoci sukan yi ta shiga Kwandere da ƙauyukan da ke kewayen Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, suna lodin doya da riɗi da agushi. Wasu su bi ta Makurɗi su nufi Inugu da Anaca da Fatakwal, wasu kuwa su haura Akwanga da Keffi, su gangara Lokoja har kasuwar Mile 12 a Ikko. Ko da yake Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe filin jirgin sama a Kwandere cikin watan Fabrairu na 2022, har yanzu doya a bayan mota take zuwa Kurmi.

Daga cikin motocin nan akwai na 'yan Arewa mazauna Kudu. Mutum yana Agege ko Sabon Badun ko Shagamu, ya yi shekaru yana tara kuɗi, ya sayi mota ya danƙa wa ƙanensa ko wani direba a gida. A aljihun gaban kowace mota akwai takardar inshora, amma kaɗan ne suka taɓa zama aka karanta musu ita. Abin da aka sani kawai shi ne, in an nuna ta a shingen 'yan sanda sai a ce a wuce. To, ranar da tsautsayi ya faɗa, sannan ne mai mota yake gane abin da ya saya.

Asalin dokar

Tilasta inshorar mota ba sabon abu ba ne. Ingila ta kafa dokarta a 1930, Nijeriya kuma ta bi sahu da tata a 1945. Dalilin a fili yake. Mota takan yi ɓarnar da ta fi ƙarfin mai ita, in kuwa ba shi da abin biya, wanda aka buge shi ne zai kwana ciki. Saboda haka aka ce kowane mai mota ya zuba kuɗi kaɗan a kowace shekara, kamfani ya tara, wanda motarsa ta yi ɓarna a biya daga ciki. Wannan ya yi kama da abin da malamai suka sani a shari'a, inda dangin mutum suke haɗa diyyar kisan kuskure don kada nauyin ya danne mutum ɗaya.

A 1997 aka kafa Hukumar Inshora ta Ƙasa, watau NAICOM, mai ba kamfanoni lasisi da yanka farashi. Ran 1 ga Fabrairu 2025 rundunar 'yan sanda ta soma tsananta binciken takardun inshora a duk faɗin ƙasa, a cikin shekarar kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar da ta tattara tsofaffin dokokin inshora wuri ɗaya.

Wane ne mutum na uku?

Ƙaramar inshora wadda doka ta wajabta ita ce ta mutum na uku, wadda direbobi suke kira tad-fati. A yarjejeniyar, mai mota shi ne na farko, kamfani na biyu. Na ukun shi ne bare, watau mai tafiya a ƙasa da aka kaɗe, ko mai motar da aka daka, ko mai shagon da aka rushe. Shi kaɗai kamfani zai biya. Mai mota ba ya samun ko kwabo domin gyaran tasa motar, in ta ƙone ko an sace ta ma haka.

Tun ran 1 ga Janairu 2023 hukumar ta ɗaga kuɗin wannan inshora. Motar gida ta tashi daga N5,000 zuwa N15,000 a shekara, iyakar abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiya kuma ta tashi daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babbar motar ɗaukar kayan haya N100,000 ce, iyakarta miliyan 5. Keke mai ƙafa uku N5,000, iyaka miliyan 2. Babur N3,000, iyaka miliyan 1. Waɗannan iyakoki na dukiya ne. Rauni da rasa rai lissafinsu dabam yake.

Ga misali. A ce ƙaramar motar gida ta taso daga Kwandere za ta shiga Lafiya, birki ya ƙi, ta daki wata sabuwar mota, aka kiyasta gyara a kan Naira miliyan 4 da rabi. Kamfani zai biya miliyan 3. Sauran miliyan 1 da rabi yana wuyan mai mota, ko da kuwa yana can Ikko bai ga abin da ya faru ba. Gyaran tasa motar kuma daga aljihunsa.

Cikakkiyar inshora

Sama da wannan akwai wadda ta ƙara da gobara da sata. Sama da ita kuma akwai cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa haƙƙin mutum na uku da gobara da sata da lalacewar motar mai ita, ko da laifin direbansa ne. A tsarin 2023 kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Watau motar Naira miliyan 6 za ta biya aƙalla N300,000 a shekara. Kuɗin da yawa, amma wanda motar ita ce dukan jarinsa ya kamata ya auna wannan da asarar miliyan 6 a dare ɗaya.

A nan ne kalmomin takardar suke da muhimmanci, domin a kansu ake yin gardama ranar biya.

Ta farko ita ce darajar da aka rubuta. Wasu sukan rage darajar mota don kuɗin shekara ya yi sauƙi. Wanda ya rubuta motar miliyan 6 a kan miliyan 3, in ta ƙone ƙurmus ba zai karɓi abin da ya wuce miliyan 3 ba. Tun da farashin motoci yana ta hawa, ya kamata a duba darajar duk lokacin da za a sabunta.

Ta biyu ita ce kason mai mota, wanda ma'aikatan inshora suke kira ekses. Wani adadi ne da mai mota yake ɗauka da kansa a kowane haɗari. In kason N50,000 ne, gyara ya kama N400,000, kamfani zai ba da N350,000. In gyaran bai kai N50,000 ba, babu abin da za a karɓa.

Ta uku ita ce rangwamen lafiya. Wanda ya yi shekara bai nemi diyya ba, kamfani yakan rage masa kuɗi a shekara ta gaba. Amma sai ya tambaya, ba kullum ake tuna masa ba.

Ta huɗu, in mota ta lalace har gyaranta ya kusa kuɗin sayenta, kamfani yakan biya darajarta ya ɗauke gangar jikin. Ba a haɗa kuɗi da ƙarafa a hannu ɗaya.

Inda aka fi faɗawa

Abu mafi cutar da mutanenmu shi ne aikin da aka rubuta wa motar. Mutum ya yanki inshorar motar gida ta N15,000, ya aika da motar Kwandere, ƙanensa ya shiga ɗaukar fasinja da ita tsakanin Lafiya da Akwanga. Takardar motar gida ba ta yarda da haya ba. In haɗari ya auku da fasinjoji a ciki, kamfani yana da hujjar ƙin biya. Motar haya sai inshorar haya.

Haka nan direba. Sharaɗi ne ya kasance yana da lasisi mai rai wanda ya dace da irin motar. In direba ya gaji ya ba yaron mota sitiyari, yaron kuwa ba shi da lasisi, to an warware yarjejeniya. Lodin da ya wuce ƙa'ida da tuƙi cikin maye su ma suna cikin abubuwan da kamfanoni suke kafa hujja da su.

Sai kuma kaya. Yawancin fatake suna zaton inshorar babbar mota ta haɗa da abin da ta ɗauko. Ba haka ba ne. In mota ta kife a gangaren Nasarawa Eggon da doyar mutum biyar, inshorar mota ba ta biyan ko ƙwarya ɗaya. Kaya suna da tasu inshora dabam, ta kaya a kan hanya, kuma ana iya yankar ta don tafiya ɗaya ko don shekara. Ya kamata mai kaya da mai mota su san wanda ya ɗauki wannan nauyi tun kafin a ɗaure tamfol.

Wanda ya sayi mota a hannun wani kuma ya sani cewa inshorar tsohon mai ita ba ta binsa. Yarjejeniyar da sunan mutum ake yin ta. Sabon mai mota sai ya yanki tasa, ko a sanar da kamfani ya amince da canjin suna.

Takardar jabu

Akwai 'yan kamasho da suke tare mutane a bakin ofisoshin lasisi su ce za su haɗa musu dukan takardu a kan araha. Sau da yawa inshorar da ke cikin tarin takardun bugawa kawai aka yi, babu kamfanin da ya san da ita. Araha ba ta ado. Wanda ya riƙe irin wannan, a gaban doka daidai yake da wanda ba shi da komai.

Gane ta ba wuya. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID, inda ake shigar da kowace takarda ta gaskiya. Mai mota zai iya danna *565*11# a wayarsa, ya sa lambar mota, ya ga ko tana ciki. Yana zaune a Mile 12 zai iya binciken motarsa da ke Kwandere. Har wa yau, ƙa'idar da hukuma ta tsananta tun 2013 ita ce, in ba a biya kuɗi ba babu inshora. Saboda haka a karɓi rasit mai sunan kamfani, a adana.

Masu ƙyamar inshora saboda addini kuma suna da mafita. A 2013 hukumar ta fitar da ƙa'idojin takaful, inda kuɗin da aka zuba gudummawa ce ta taimakon juna, ba a juya ta da ruwa, rarar da ta saura kuma akan raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba. Kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful a kan wannan tsari suke, takardarsu kuma karɓaɓɓiya ce a hanya. Masu tsallakawa Kwatano da Lome da Ankara su tambayi katin ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka ƙulla yarjejeniyarsa a 1982, domin tun 2023 kuɗinsa yana cikin abin da suke biya.

Ranar haɗari

In abin ya faru, a fara da ceton rai. Daga nan a sanar da 'yan sanda a karɓi rahoto, a ɗauki hotuna, a rubuta lambar ɗaya motar da sunan kamfanin inshorarta, a sami shaidu. A gaya wa kamfani nan da nan, domin jinkiri yana ɓata haƙƙi. Kada direba ya sa hannu a takardar amsa laifi ko ya yi alkawarin biya a bakin hanya, kada kuma a kai mota gareji kafin mai kiyasin kamfani ya gan ta. Wanda aka buge shi ma ya sani yana da haƙƙi a kan kamfanin motar da ta buge shi. In kamfani ya ƙi biya ba tare da dalili ba, akwai sashen karɓar ƙorafi na NAICOM a Abuja da Ikko.

Kafin motar bana ta taso daga Kwandere, ya kamata mai ita ya sa a karanta masa takardar, ya san abu huɗu: wace irin inshora ce, wane aiki aka rubuta wa motar, wa aka yarda ya tuƙa, kuma yaushe take ƙarewa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.